Kar Su Harba Mini Bindiga

Manjo Kambai ya kau da kai daga cokalin, kunun acca ya gangaro masa a haɓa. Emilia ta goge masa da bakin zaninta. Katanga ce kawai tsakanin gidanta da nasa a Kafanchan, kuma tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse Abuja da Legas, ita ce mai leƙo shi.

"Malama," in ji shi. Haka yake kiranta, ko da yake ta daɗe da ajiye alli. "In na tafi, kar su harba mini bindiga."

"Baba, sha kunu tukuna."

"Ka ji ni? Bindiga ya ishe ni. Kuma ka san mutanen ƙauyenmu."

Ta san su. Ƙauyen yana can bayan Kagoma. Shekarun baya 'yan bindiga sun far musu, an binne mutane da yawa a rami ɗaya. Tun daga nan ko tayar babur ce ta fashe, sai mata su suri yara su yi daji.

"Na ji, Baba," ta ce.

Manjo ya shiga soja tun gemu bai fito masa ba. Ya yi Laberiya, ya yi Saliyo, ya dawo da lambobin yabo da guntun ƙarfe a cinya. Lambobin ya zuba su a gwangwanin madara, ƙarfen kuwa shi ke gaya masa za a yi ruwa. Da ya yi ritaya sai ya kama sayen citta. Ya buɗe sito kusa da tashar jirgin ƙasa, yana saye a hannun manoma, ya shanya, ya loda wa manyan motoci. Buhunansa ma a layi suke tsayawa kamar masu fareti, kuma kaiton lebura da ya ajiye ɗaya a karkace. Labarin yaƙi dai ko da wasa ba ya yi. In aka matsa masa sai ya tambayi farashin citta a kasuwar Kachia.

Ranar Alhamis da rana ya cika, lokacin da ta fita kwashe shanya. Ta dawo ta same shi baki a ɗan buɗe, rediyo na ta surutu a gefen filo. Ta rufe masa ido, ta kashe rediyon, ta zauna tana jiran kuka ya zo. Bai zo ba.

Nelson, babban ɗansa, ya iso daga Abuja da shirinsa: hotuna, rumfuna, saniya. Dangi suka yi taro a falo. Emilia maƙwabciya ce, ba ta da kujera a wurin, don haka ta tare shi a bakin ƙofa.

"Nelson, babanka ya bar saƙo. Ya ce kar a harba masa bindiga."

"Haba Mama. Dadi fa jarumi ne. Na riga na gama magana, sojoji za su zo su yi masa harbin ban girma. Wani a ƙauyenmu ya taɓa samun irin wannan?"

"Da bakinsa ya faɗa mini."

"Ciwo ne ya yi magana, Mama. Mun gode da duk wahalan da ka sha."

Idonsa ja wur, ta ga shi ma abin da zai iya yi wa ubansa ke nan. Ta ce to aƙalla a gaya wa mutanen ƙauye su san da zancen. Ya ce Fasto zai sanar.

Fasto kuwa ya sanar, har sau biyu, amma a cocin Kafanchan, wajen sujadar ban kwana. Mutanen ƙauye ba su zo gari ba. Suna can suna haƙa kabari da ɗora tukwane, suna jiran gawa.

An haƙa masa a gefen gonarsa ta citta. An lulluɓe akwatin da tuta, an ɗora hularsa, an goge lambobin nan an jera. Zumuntar matan coci, cikin zane iri ɗaya, suna buga tulu suna waƙar zuwa gida. Yara sun matso suna kallon takalman sojoji. Emilia ta dubi fuskokin, sai a lokacin ta gane ba wanda ya gaya musu. Ta buɗe baki. Wani ya daka tsawar umarni, bindigogi suka ɗaga sama.

Ƙarar ta tsinke waƙar a tsakiya. Tulu ya faɗi ya fashe. Kujeru suka kife, mata suka nufi kunyoyin citta suna kiran sunayen 'ya'yansu. Sojojin ba a ba su umarnin tsayawa ba, suka sake saki. Wata tsohuwa da ba ta iya gudu ta kwanta rub da ciki, ta rufe kai da hannu, tana cewa, "Yesu, Yesu, sun dawo."

"Ku dawo!" Nelson na ihu, yana ɗaga hannu. "Girmamawa ne! Ku dawo mana!"

Ba wanda ya waiwayo. Mai begila ya busa nasa har ƙarshe. 'Yan gari kaɗan da suka rage su suka saukar da akwatin.

Emilia ta ɗaga tsohuwar, ta kakkaɓe mata ƙasa, ta zaunar da ita. Sannan ta shiga bin fili tana tsintar silifas ɗin da aka zubar, tana haɗa kowane da ɗan'uwansa, tana jerawa a ƙarƙashin rumfa don masu su in sun fito. Wani ƙarami, shuɗi, na yaro, ta duba ko'ina ba ta ga ɗayan ba. Ta tsaya riƙe da shi tana kallon daji. A bayanta tukunyar shinkafa na ta tafasa, ba kowa a kanta.