Mazaunin Littafin Nasara

Tun da Ƙasimu ya dawo daga Lakwaja, Nababa bai ƙara jin daɗin tuwo ba. 'Yan'uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma dukansu masassaƙa ne a Birnin Gwari. Nababa ne babba, shi ya koya wa Ƙasimu riƙon gizago. Duk turmi ko akushi mai kyau da ke garin, in ka tambaya za a ce maka na Nababa ne. Ƙasimu kuwa a da muciya ma sai ta fito masa a karkace.

A wancan zamanin, Turawa ba su shigo ƙasar Hausa ba tukuna. Ƙasimu ya bi ayarin wani madugu mai suna Abarshi, suka yi kudu har Lakwaja, mahaɗar manyan koguna biyu. A can ya tarar da Nasara, yawancinsu baƙaƙen fata, suna neman mai sassaƙa musu kayan ɗakin ibadarsu, wanda suke kira coci. Ya zauna ya yi musu aiki, ya dawo gida da riga mai aiki da bakin magana.

Kullum da la'asar mutane sukan cika zauren gidan don jin labari. Ƙasimu ya ce a ƙuryar cocin akwai wani wuri da aka ɗaga, aka kewaye da ɗan shingen katako, ba kowa ke shiga ba sai limaminsu. A tsakiya ga bagadi, wato wani tebur da ake lulluɓewa da farin ƙyalle, a ɗora masa gicciye da fitilu da ƙoƙon azurfa. Ya ce teburin da shingen da kujerar limamin duk shi ya sassaƙa. Abu ɗaya ya rage, mazaunin da za a ɗora babban littafinsu a kai in za a karanta, shi ma in ya koma bayan damina zai yi.

Nababa yana gefe yana feƙe taɓarya, yana ji. Da farko ya fake da addini, ya ce shi dai ba zai kai gizagonsa ga aikin Nasara ba. Ba wanda ya yarda da shi, don an san Nababa ko Maguzawan dawa suka zo da aiki ba ya tambayar abin da za su yi da shi. Kishi ne kawai, irin mai hana barci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikinsa duka na ƙarewa a madafa da bakin rijiya, mata na daka a ciki, awaki na lasa. Na ƙanensa kuwa yana can an lulluɓe shi da farin ƙyalle, mutane na sassauta murya in sun matso kusa.

Matarsa Ma'u ta ce masa in abin ya dame shi haka, ya zauna da ɗan'uwansa ya tambaye shi yadda kayan suke. Ya harare ta. Shi zai tambayi Ƙasimu sassaƙa?

Sai ya ɗauki gatari ya shiga dajin Kamuku, inda ya san wani maɗaci da iska ta kayar tun shekarun baya, ya bushe sarai. Ya yanko gungume mai kyau, ya kai bukkar gonarsa ya ɓoye, da niyyar sassaƙa mazaunin nan da kansa. Girman littafin ya ji shi a zaure, Ƙasimu ya nuna da hannu. Tsayin mazaunin kuwa bai ga abin tambaya a ciki ba. Ya shimfiɗa buzu ya harɗe kamar yadda ya ga malamai na yi tun yana yaro, ya auna inda littafi zai yi wa mai karatu daidai, ya yanke a nan.

Damina ta ƙare yana kan aikin. Gaskiya, bai taɓa yin abu mai kyan wannan ba. Ya jirkita samansa don littafi ya jingina, ya fitar masa da ɗan leɓe kada ya zame. Ya bi gefuna huɗu da zanen ganye da igiya mai sarƙewa, ya ƙona zanen da ƙarfe mai zafi, ya yi ta goga man kaɗe har itacen ya koma ja wur yana ƙyalli.

Ana shirin tashin ayari ya ɗauko shi a kafaɗa ya dire a tsakiyar zaure, gaban jama'a. Ƙasimu ya durƙusa ya bi zanen da yatsa, ya daɗe bai ɗago ba. Nababa ya ji wani sanyi a ransa wanda ya manta rabonsa da shi.

"Yaya, wannan ko zan shekara goma ba zan iya ba," in ji Ƙasimu. Sannan ya rage murya. "Sai dai su a tsaye suke karatu."

"A tsaye? Littafin da suke cewa na Allah ne?"

"A tsaye. Sai ya kai wa mutum ƙirji."

Nababa ya dubi abin nasa, da ƙyar ya wuce gwiwa. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Ƙasimu ya yi sauri ya ce abin ba wuya, in sun isa zai sassaƙa masa ginshiƙi ya ɗora shi a kai, zai kuma faɗa wa kowa cewa aikin wansa ne. Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi zafi. Nababa ya so ya ce a bar masa kayansa, amma son a gan shi a wurin nan mai shinge ya rinjaye shi. Aka naɗe mazaunin a tabarma aka ɗaure wa jaki.

Shekara ta zagayo Abarshi ya dawo, Ƙasimu ya tsaya can kan wani aikin. Nababa ya je yi wa madugun barka da zuwa, ya yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa kafin ya tambayi labarin cocin. Abarshi ya ce shi kansa ya leƙa ta taga don ya ga abin da ake ta magana a kai. An kafa mazaunin a gefen bagadi, har daga ƙetaren kogi ake zuwa kallonsa. Ya ce Ƙasimu ya yi ta faɗa wa mutanen can cewa saman mazaunin aikin wansa ne, su kuwa sun ɗauka kunya ce da kawaici, don ba wanda ya san wani Nababa a can. Madugun ma bai kasance a zaure ranar da aka kawo shi ba, saboda haka ya fi gaskata mutanen Lakwaja.

Ya dafa kafaɗar Nababa ya ce, "Yaron nan na son ka, har kyautar aikinsa yake maka. Amma Malam Nababa, da ka ga zanen nan, da ka ajiye girma ka je ya koya maka."