Takardar Da Na Manna A Kan Sunan Lennox

Lennox Alleyne ne ya kawo mini faifan da hannunsa, wata Asabar cikin bazarar 1980, ina kwance ƙarƙashin wata mota a garejin da nake aiki a Leyton. Ya daki takalmina da ƙafa.

"Fito, sarkin baƙin mai. Kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa."

Layinmu ɗaya da Lennox, tare muka bar makaranta muna da shekara goma sha shida. Shi ya koya wa kansa gitar bes, mai kaurin murya, a ɗakin uwarsa, ni kuma na koya wa kaina sauraro. Kowace Lahadi nakan saka faifai a wani zauren rawa na bakin teku a Southend, daga tsakar rana har la'asar sakaliya. Matasa sukan cika bas-bas daga London su zo, kowa da usur a wuya, su barbaɗa hoda a ƙasa don ƙafa ta ji daɗin sulɓi.

Su shida ne a ƙungiyarsu, sun ara mata sunan titin da suke gwaji, Marsh Lane. Wannan ne faifansu na farko, kuma a yini ɗaya suka naɗe shi. Da na kai shi gida na ɗora masa allurar garmaho, sai da na zauna a ƙasa. Babban yatsan Lennox ne ke buɗe kiɗan shi kaɗai, yana dukan igiya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san za a buɗe masa. A tsakiya mai ganga ya ƙara sauri ba da niyya ba, masu busa suka bi shi da gudu, a ƙarshe kuma ana jin wani ya fashe da dariya. Faifan Amurka sumul suke fitowa, ba inda za ka ce ga kuskure. Wannan kuwa kana jin ɗakin da aka yi shi, kana jin mutum shida da ba su taɓa tsammanin wani zai saurare su ba. Har yau ban ji kiɗan da ya kama ni kamarsa ba.

Amma na san mutanena. A zaurenmu, in ba daga Amurka faifai ya zo ba, sai kowa ya koma jikin bango ya riƙe kofi. Muna kuma da wata al'ada, mu masu saka faifai: in ka sami abu mai kyau, sai ka manna farar takarda a kan sunan, ka rubuta wani na ƙarya, don kada abokan hamayya su leƙo su je su nemo nasu.

Na ce wa Lennox, "Bari in rufe shi. Sati biyu kawai. Su yi rawa su gaji, sannan in ɓare takardar a gabansu in faɗi sunanka. Ka ga ba su da bakin magana."

"Wato sai na zama Ba'amurke kafin 'yan unguwarmu su ji ni?"

"Sati biyu, mutumina."

Ya ce, "Colin, sati biyu fa."

Na yanka takarda, na shafa gam, na rubuta Harlan Tate, Philadelphia. Sunan daga kaina ya fito, garin kuma na Amurka ne.

Lahadin farko, kafin a kai rabin kiɗan, usur ya cika zauren. Sau uku aka sa na maimaita shi. Da na sauka shan ruwa sai ga Gary Pocock, mai shagon faifan Amurka, wanda muke kira Farfesa saboda ba a taɓa ambaton makaɗin da ya ce bai sani ba. Shekara uku yana wuce ni kamar bai gan ni ba. Ranar ya dafa kafaɗata.

"Kai, ƙaramin bakanike, ina ka samo wannan?"

Na ce ɗan kawuna ne da ke aikin jirgin ruwa ya kawo mini.

"Harlan Tate," in ji Farfesa, yana gyaɗa kai. "Na san shi mana. Ai na ɗauka ya daina kiɗa."

A nan ya kamata in yi dariya in faɗa masa gaskiya. Maimakon haka sai na ji daɗi ya ratsa ni, na ƙara da cewa guda hamsin kawai aka buga a duniya. Sati na gaba na ce Harlan makaho ne. Aka fara gaishe ni a titi. Sati biyu ya zama huɗu, kullum Lennox ya tambaya sai in ce ƙarfen bai gama zafi ba, a ƙara haƙuri.

A Lahadi ta biyar ya ce zai zo da kansa, ranar za a ɓare. Na ce to. Bai gaya mini zai zo da uwarsa ba.

Daga coci ta wuce kai tsaye, da hularta mai fure da jakar hannu, ta zauna a kujera kusa da teburina tana fifita da takardar waƙoƙi. Matar da na ci shinkafa da wakenta fiye da na gidanmu. Sauran 'yan ƙungiyar suka jera a bayanta cikin rigunansu na fita.

"Colin, ka rame," ta ce. "Wannan hayaniyar ce abincinka?"

"Sannu da zuwa, Mama."

Ƙarfe uku na ɗora faifan. Yatsan Lennox ya buga, zauren ya ɗauka. Na ga fuskarsa lokacin da ya ga mutum ɗari uku suna juyi da abin da ya yi a ɗakin uwarsa. Bai yi murmushi ba, bakinsa ne kawai ya ɗan buɗe.

Sai Farfesa ya ratso da yaransa, ya hango Lennox, ya ɗaga murya yadda kowa na kusa zai ji.

"Alleyne! An ce kai ma kana taɓa bes ko? To buɗe kunne ka ji yadda manya ke yi. Wannan hannun ba a haifarsa a ƙasar nan. Ku je ku yi ta gwaji a bayan coci."

Yaransa suka kwashe da dariya. Lennox kuwa ni ya juyo ya kalla, yana jira.

Makirfo yana hannuna. Na sha tunanin daƙiƙun nan fiye da duk wani abu a rayuwata. Ba tsoron duka nake ba, ba wanda zai taɓa ni. Abin da na hango shi ne makahon da na ƙirƙira, da ɗan kawun da ba ni da shi, da yadda hannun Farfesa zai sauka daga kafaɗata. Na kai makirfo baki, na ji muryata ta fito daga lasifika:

"Harlan Tate ke nan, daga Philadelphia!"

Aka busa usur.

Mama Alleyne ta jawo hannun rigata. Ba ta yi fushi ba, ruɗewa ta yi.

"Colin, ba wannan ne kiɗan da yaron nan ya hana ni sakat da shi wata shida ba? Na san shi ta bango. Wane ne kuma Harlan?"

Na yi kamar ƙarar kiɗa ta hana ni ji.

Lennox ya jira har kiɗan ya ƙare, har dariyar nan ta ƙarshe ta wuce, don mutane suna rawa. Sannan ya hau inda nake, ya ɗage allura a hankali, ya ɗauki faifansa. Ya sa farcen babban yatsansa ya ɓare takardar. Gam ɗin ya kama sosai, sai ta taho da rabin sunansu. Ya ninke ta ya cusa mini a aljihun riga.

"Wannan naka ne," ya ce. "Mama, tashi mu tafi."

Da abin ya tsaya nan, da na ce tsakanina da shi ne. Bayan wata uku faifan ya fito a kasuwa da sunan Marsh Lane. Farfesa ya saurara a shagonsa, ya ce wa duk wanda ya shigo yaran Leyton sun saci kiɗan Harlan Tate, ko kunya ba su ji ba, har dariyar ƙarshe sun kwaikwaya. Maganar ta zaga zauruka. Masu saka faifai da dama suka ƙi taɓa shi. An taɓa yi wa Lennox ihun ɓarawo yana kan dandali.

Sai a lokacin na je shagon, wata Asabar da rana, ya cika da mutane. Na fito da takardar, na ce su duba, rubutun hannuna ne, babu wani Harlan, ni na ƙirƙire shi.

Farfesa ya dube ni da tausayi. "Abokinka ne, na gane. Ka kyauta da kake rufa masa asiri. Amma ni na san Harlan Tate tun kafin ka san allura."

Na maimaita a zauren, na maimaita a wasiƙa zuwa wata mujallar kiɗa, ba su buga ba. Da na faɗi gaskiyar a ranar da aka tambaye ni, kalma biyu sun isa. Bayan wata uku na yi ta faɗi ba mai saye.

Ƙungiyar ta ci gaba, daga baya har ta shiga talabijin da waƙoƙi masu santsi, amma Lennox ya riga ya bar ta. Yanzu masana suna cewa kiɗansu na farko ya fi komai, suna yabon hannun mai bes. Wasunsu kuma har yau sukan bugo mini waya suna neman na asali, na Philadelphia. In na ce babu shi, sai su ce sun fahimta, ba na son rabuwa da shi.

Nakan tambayi kaina ko da na faɗi sunan Lennox tun Lahadin farko za su yi rawar. Wataƙila ba za su yi ba. Na lura dai ba na yin wannan tambayar sai lokacin da nake neman wurin ɓuya.

Rabona da shi tun jana'izar Mama Alleyne. Na tsaya can baya, amma ya gan ni a bakin ƙofar coci. Ya miƙo hannu, na ji kantar dukan igiya a gefen babban yatsansa, ashe bai daina kiɗa ba.

"Colin," ya ce. "Yaya mutumin Philadelphia?"

Na duba fuskarsa ko wasa yake, ban gane ba. Sai wata gwaggonsa ta ja shi zuwa wajen mota.