Hanyar Mayo

'Yata Sumayyat ce manaja a kamfanin yogot da ke hanyar Duvu. Masu kamfanin suna Yola, suka aiko a ja katanga. Ko bulo ɗaya ba a sa ba, magana ta bazu wai za a toshe hanyar mayo, wato rafin da shanu ke shan ruwa. Fulani suka daina kawo madara. Manoma kuma suka ji wai ta gonakinsu za a karkata shanun. In madara ba ta dawo ba, rufe kamfani za a yi, aikin 'yata ya tafi.

Na ce, "Ke, tura musu saƙo a waya mana, ki huta."

Ta ce, "Inna, sai sun ga fuskata."

Ta sayi goro, ta hau acaɓa har ruga, ta zauna kan tabarma ta yi wa Arɗo Mahmoud bayani da Fulatanci. Ran Lahadi ta tsaya bakin coci har aka tashi, ta durƙusa ta gai da Baba Nehemiah, shugaban manoma. Ma'aikata kuwa wurin wankin robobi ta same su. Ni dai ina kan sallaya ina roƙon Allah.

Ranar da ta tara su duka a kamfani, na soya ƙosai na kai. Baba Nehemiah ya miƙe ya ce, "Manaja, mun san halin kamfani. Kowa ku gaya masa abin da kunnensa ke so."

Sumayyat ta ce, "To Baba, ni na yi shiru. Arɗo, faɗa wa Baba abin da na gaya maka."

Arɗo ya ce za a bar hanya daga gindin tsamiya har mayo, a yi shinge hagu da dama kar saniya ta shiga gona.

Baba ya riƙe baki. "Haka ta ce mini, har tsamiyar!"

Ma'aikata suka ce su ma haka suka ji.

Arɗo ya ce, "Tsoho, masararka ta tsira daga shanuna."

"Shanunka dai suka tsira daga sandata!"

Wuri ya ɗauki dariya. Ɗaya daga masu kamfanin yana ji ta waya, ya ce a ja katangar baya, a bar hanyar.

Washegari da safe sai ga matan ruga jere da ƙore a ka. Na tsaya bakin hanya na rangaɗa guɗa, ban damu da wa ke kallo ba. Alhamdulillahi.