Agarar Ɗan Japan

Tun ranar da Idris ya fara ɗora hannu a ƙafar Haruki Nomiyama ya san akwai magana. Babban yatsansa ya gangaro daga sharaɓa zuwa agara, sai ya ji wani ɗan ƙululu kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata, wurin kuma ya fi ko'ina ɗumi. Ya danna kaɗan. Yatsun ƙafar mutumin da ke kwance rub da ciki suka dunƙule.

Idris shi ne mai yi wa 'yan wasa tausa a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Makka da ke rukuni na biyu. Sana'ar gado ce. Mahaifinsa maɗori ne da ya taso daga Abeche ya ratso Sudan, ya zauna a unguwar Kudai ta Makka yana gyara targaɗen alhazai har Allah ya karɓi ransa. A nan aka haifi Idris, a nan ya yi aure, yanzu shekararsa talatin da takwas, kuma iyakar tafiyarsa a duniya ita ce inda motar ƙungiya ta kai shi: Abha, Dammam, Ha'il, a kwana ɗaya a juyo.

Shi kuwa Haruki, wanda Idris ya mayar Haruna don sauƙin baki, ya bar Japan yana ɗan shekara ashirin da ɗaya. Ya buga a Beljiyam, ya buga a Poland, ya yi kaka biyu a Cyprus, ya yi uku a Thailand. Wannan ce ƙungiyarsa ta bakwai. Ɗan gaba ne ta ɓangaren hagu, gajere, marar surutu, mai wanke takalmansa da kansa. Da yake ba Musulmi ba ne, a Jidda yake zaune, kullum ya biyo hanyar da ta zagaye garin ya iso filin atisaye, wanda ke wajen iyakar Harami. Garin da yake ɗauke da sunansa a ƙirji bai taɓa taka shi ba, sai dai ya hango kan dogon agogon nan ta tsakanin duwatsu.

Da gutsuren Larabci, da gutsuren Turanci, da waya mai fassara suke hira. Haruki ya tambayi yadda cikin garin yake, Idris ya ba shi amsa a gajarce, don shi abin da ke ransa daban. Ina ne aka fi sanyi? Da gaske ne a Poland ana share ƙanƙara daga fili kafin a fara wasa? Yaya teku take a Cyprus? In ya koma gida ya dinga buɗe taswira a waya yana bin garuruwan da yatsa, shayinsa ya huce a gefe.

Saura wasa huɗu kaka ta ƙare, wata ranar Talata bayan la'asar, ɗakin tausa ba kowa sai su biyu, Idris ya ce, "Haruna, wannan agarar ba lafiya. Kullum ƙara kumbura take. Zan gaya wa likitan ƙungiya, Dakta Sami."

Haruki ya tashi zaune. Ya karɓi wayar ya yi rubutu mai tsawo, ya miƙo. Wata ƙungiya a Tashkent tana son sa, kwangilar shekara biyu, kuma sun ce za su kalli wasanninsa huɗu na ƙarshe kafin su sa hannu. A shekara talatin da uku, in wannan ta wuce shi ba lallai wata ta zo ba. A ƙasan rubutun ya ƙara da cewa ya riga ya shaida wa wakilinsa ba zai je ko'ina ba sai da mai tausarsa.

"Kai," in ji Haruki da Larabcinsa mai tsalle-tsalle, yana nuna ƙirjin Idris. "Ni da kai. Tashkent. Dakta, a'a. Wasa huɗu, khalas, shi ke nan."

Idris ya ajiye wayar. Ya ɗauko bandeji ya naɗe ƙafar irin naɗin da mahaifinsa yake yi wa tsofaffin alhazai masu ɗawafi da rauni, ya tallafe dunduniya da auduga. Hannunsa ya amsa abin da bakinsa ya kasa.

Ranar Juma'a Haruki ya yi wasan da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya ba da ƙwallo biyu aka ci, 'yan kallo suna ta kiran sunansa. Idris yana bakin fili, bai ga ko ɗaya daga cikin ƙwallayen ba, idonsa na kan dunduniyar hagu. Duk lokacin da ta taka ƙasa sai ya ji abin a cikin haƙoransa.

Gida ma ya gagare shi zama. Ya zauna ya tashi, ya leƙa taga ya kalli motocin masu Umra suna shiga tashar Kudai suna fita, ya dawo ya gyara famfon da ba abin da ya same shi. Matarsa Manal tana tsintar shinkafa tana bin sa da ido.

"Abu Shahad, ka zauna mana. Kana sa ni jiri."

Ya zauna. Ya kwashe komai ya gaya mata, har da Tashkent, har da gidan da aka ce za a ba su, da makarantar da 'yarsu Shahad za ta shiga.

Manal ta ture farantin gefe. "Tafiyar ban ƙi ba, wallahi. Ni ma na gaji da hayaƙin motocin nan. Amma in ƙafar ta tsinke fa?"

"Shi ya zaɓa. Ba yaro ba ne."

"Shi ya zaɓa, kai kuma ka naɗa. In ta tsinke a fili, wa za a tambaya? Kuma shi ɗin, da me zai koma garinsu?"

"Wasa uku ne kawai suka rage."

"To," in ji ta, ta jawo farantinta. Wannan "to" ɗin ta fi masa ciwo da a ce faɗa ta yi.

Wasa na biyu a Ta'if aka yi. Da aka tafi hutun rabin lokaci Haruki ya shigo ɗaki yana murmushi, ya jira sai da kowa ya juya wajen koci, sannan ya miƙa wa Idris ƙafar a ɓoye bayan benci. Idris ya zura yatsa ƙarƙashin safa. Ƙululun ya ninka, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan rami da yatsa ke faɗawa, wurin da jijiya ta fara rabuwa. Ya taɓa jin irin wannan sau ɗaya tak, a ƙafar wani alhaji ɗan Maraɗi da mahaifinsa ya ƙi taɓawa ya ce a kai shi asibiti.

"Ƙara ɗaurewa," in ji Haruki a hankali.

Ya ƙara. Haruki ya koma ya ƙarasa wasan, aka tashi canjaras.

Washegari babu atisaye. Idris ya ɗauki mota da hantsi ba tare da ya san inda za shi ba. Ya bi ta unguwar Rusaifa, ya tsaya gaban wani shagon akwatuna ya daɗe yana kallon manyan nan masu taya, har mai shagon ya fito yana yi masa marhaba, ya ja mota ya wuce. Can ya tsinci kansa a Muzdalifa. Ba lokacin aikin Hajji ba ne, fili fayau, sai turakun fitilu da layin banɗakuna a kulle, da wata akuya da ba a san mai ita ba. Ya fito ya yi ta tafiya a rana. Ya lissafa wa kansa hujjoji: mutumin ya san jikinsa, likitocin ƙungiya sun gwada shi sun ce lafiya, sau biyu ya buga bai faɗi ba. Duk hujjar da ya kawo sai yatsansa ya tuna masa ramin nan. Ya kai ƙarshen filin ya juyo, ya sake komawa. Da rigarsa ta jiƙe sharkaf ya shiga mota ya kira Dakta Sami.

"Dakta, ina son a ɗauki hoton agarar Haruki ta hagu. Yau in da hali."

"Me ya faru? Bai yi ƙorafi ba."

"Ba zai yi ba. Ni na ji da hannuna."

"Tun yaushe?"

Idris ya faɗi gaskiya.

Hoton ya nuna jijiyar ta tsage fiye da rabi. Dakta Sami ya ce gudu ɗaya mai ƙarfi ya rage ta rabu biyu, ya sa aka saka ƙafar a takalmin asibiti, wata uku ba ƙwallo. Sannan ya rufe ƙofar ofis ya wanke Idris tas. "Ya shaikh, mako nawa kana naɗe min ɗan wasa a ɓoye? Don darajar mahaifinka ne kawai ba zan kai maganar sama ba." Ya hana shi bin ƙungiya wasannin waje har ƙarshen kaka.

Mutanen Tashkent suka janye a cikin kwana biyu.

Haruki ya ci gaba da zuwa gashin ƙafa, amma ya nemi a haɗa shi da ɗayan mai tausar. In sun haɗu a baranda sai ya ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwarsu, ya wuce yana dogara sanda. Sau ɗaya Idris ya tare shi ya miƙa masa waya da rubutun da ya kwana biyu yana gyarawa. Haruki ya karanta har ƙarshe, ya mayar masa.

"Ka yi daidai," ya ce. "Amma ba yau ba, Idris. Ba yau ba."

Ƙungiyar ba ta hau rukuni na ɗaya ba, maki biyu suka hana. Wasu magoya baya da labari ya kai musu suka riƙa cewa mai tausa ne ya karya su. Haruki ya tattara ya tafi ana saura mako guda a fara shigowar alhazai, ba su yi sallama ba. Idris ya iske makullin akwatin Haruki na ɗakin canza kaya a rataye, ciki wayam.

Hajji ya zo ya wuce, Kudai ta cika ta batse ta sake yin sako-sako. Aka fara sabuwar kaka da wani ɗan Brazil a gefen hagu, mai yawan dariya, ƙafafunsa lafiya lau. Idris yana aikinsa, amma zaman bai dawo masa ba. Ya kan tsaya da tausa a tsakiya yana kallon bango har ɗan wasa ya ɗago ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ammu Idris, ka yi barci ne?"

Wata safiya yana karyawa saƙo ya shigo. Bidiyo ne na daƙiƙa ashirin: wani ƙaramin fili a Malesiya, ruwan sama na zuba, Haruki cikin riga ruwan ɗorawa yana sheƙa gudu, ya yanke ya juya a kan ƙafar hagu. A ƙasa ya rubuta cewa ƙungiyar ƙarama ce, kwangilar shekara ɗaya, suna da mai tausa ɗaya kuma ba su da wurin na biyu. Ya ce hannun mutumin kamar katako. Ya ce a gaida Shahad.

Idris ya kalla sau uku, ya miƙa wa Manal. Ta kalla, ta ce, "Alhamdu lillahi, ga shi yana taka ta."

"Yana taka ta."

Ya juya kofin shayinsa a kan tire, ya sake juyawa.

"Ummu Shahad, akwai wata ƙungiya a Tabuk da ke neman mai tausa. Na aika musu takarduna tun makon jiya."

"Tun makon jiya, sai yau nake ji?"

"Ban san ko za su amsa ba."

"Sun amsa?"

"Sun ce in je ranar Lahadi su gan ni."

Manal ta ɗauke tiren daga gabansa kafin ya kifar da kofin. "An ce Tabuk sanyi kamar me. Ba ka da rigar kirki ko ɗaya. Tashi mu je Rusaifa kafin rana ta yi."