Tankin Kawu

Shekara da shekaru ofishin duba tankunan mai ba shi da komai sai tebur da fanka mai ƙara, sai kuma Injiniya, wadda ta karanci aikin amma ba ta da abin yin sa. In an kawo kukan cewa wata rijiya na warin fetur, sai dai ta je ta sunsuna ta dawo. Abokan aiki har tsokanarta suke, wai hancinta ne kaɗai na'urar gwamnati.

Da gwamnatin jiha ta ware wa ofishin kasonsa na kuɗi, aka sayo mota da na'urar gwajin tanki. Kukan warin rijiya da ya fi daɗewa yana jira kuwa daga unguwarsu Injiniya ya fito, kuma gidan mai ɗaya ne a layin, na Kawu, yayan mahaifiyarta.

Kawu ya tare ta da fara'a, ya sa aka kawo kujera.

"Kawu, ba zama na zo yi ba. Tankin da ke binne zan gwada."

"Gwada mana, 'yar nan. Tankin nan ya girme ki, bai taɓa ba ni kunya ba."

Aka kwashe man, aka toshe bakin tankin, aka hura masa iska. Lafiyayyen tanki riƙe iskar yake yi. Wannan kuwa allurar na'urar ta yi ta sauka a hankali.

"Kawu, yana yoyo. Dole in rufe famfunan yau."

"Ni za ki rufe wa? Ni da na ɗauke ki a kafaɗa?"

Ta datse famfunan da kwaɗo. Ta ce masa akwai tallafin canza tsofaffin tankuna a cikin kason, amma ya juya mata baya, ya tafi kai ƙara wurin mahaifiyarta. Ita kuwa ta saurare shi tsaf, ta ce, "Yaya, ni ma fa da ruwan rijiyar nan nake girki."

Ranar cire tankin unguwa ta fito kallo. Motar ɗaga kaya ta ciro shi jajawur da tsatsa, ƙasar ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, mata na toshe hanci. A gindinsa ga huda nan. Kawu ya tsuguna, ya zura yatsunsa ciki.

Direban motar, wanda baƙo ne a unguwar, ya leƙo ya ce, "Baba, wai wace ce wannan mai hular kwanon da kowa ke rawar jiki in ta yi magana?"

Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗaga murya yadda har na bayan taro za su ji.

"'Yar ƙanwata ce. Ni ma ba ta raga mini ba, balle kai. Sauke shi inda ta ce!"

Injiniya ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta danne murmushi, ta ɗaga hannu ta ce a matsa baya, motar sabon tanki za ta shigo.