Bulon Douwe

Maƙwabcina Douwe mai shimfiɗa bulo a tituna ne, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar hanyar motar gidansa. Tsohon jan bulo ne ya tsinto lokacin da aka sabunta titin coci, ya jera shi da hannunsa tun daga bakin titi har ƙofar gareji, ya zagaya da shi bayan gida. Baƙo ba ya shiga falo sai an tsayar da shi ya yaba.

Matarsa Wietske ita ke kula da bulon. Duk Asabar tana durƙushe da guntuwar wuƙa tana kankare gansakuka da ciyawa daga tsakankaninsa, don Douwe ya hana a zuba magani, wai yana ɓata launi. Gwiwoyinta sun lalace a haka. Ƙanenta Hidde, wanda sana'arsa zuba kankare, ya sha cewa a malala kankare kowa ya huta. Douwe kan yi dariya ya ce kankare aikin ragwaye ne, na garken shanu.

Da Douwe ya tattara kayansa ya koma wurin wata mai shagon furanni a ƙauyen gaba, Wietske ba ta yi hayaniya ba. Aka raba aure, gidan ya faɗo a rabonta. Ina tsaye a bakin shinge ranar da ya zo ɗaukar kekensa. Ya buga bulon da dunduniya, ya ce idan sanyi ya wuce zai zo ya kwashe abinsa, don harabar gidan sabuwar matar duk taɓo ce.

"Ki ci gaba da cire ciyawar kafin nan," ya ce mata. "Kar in zo in tarar ya yi kore."

Ta ce to. Yana karya kwana ta kira Hidde.

Hidde ya zo ya auna wurin. Ya ce sai an cire bulon tukuna, a haƙa, a zuba tsakuwa, in ba haka ba kankaren zai tsage. Ya ƙara da cewa irin wannan bulon masu nema suna da yawa, gara ta sayar.

"Ban ce ka cire komai ba. A kansa za ka zuba."

"Yaya, aikin banza zan yi ke nan. Sunana zai ɓaci."

"Sunanka ya ɓaci. Ka zuba da kauri."

Motar kwaɓa kankare ta iso da safe, unguwa ta fito kallo. Wietske ta sa takalmin roba ta karɓi shebur. Wurin da Douwe ya jera bulo kamar tauraro a gaban ƙofa, ita da kanta ta rufe shi, a hankali, ba ta bar wa kowa ba. Daga baya ta raba wa ma'aikata kofi da burodi mai cuku.

Sanyi ya wuce, Douwe ya zo da baro da ƙaramar tirela ɗaure a bayan mota, sabuwar matar na zaune a mota. Ya tsaya a bakin titi yana kallon fili fetal, launin toka. Wietske ta buɗe taga ta gaishe shi, ta tambayi lafiyarsa. Ya tambaye ta inda ta kai bulonsa.

"Yana nan inda ka bar shi. Ko ɗaya ban taɓa ba."

Sai da ya ɗan jima kafin ya gane. Ya ɗauko guduma daga mota ya fasa gefe. Bulon ya fito gutsuttsure, manne da siminti. Ya sake gwadawa gaba kaɗan, haka. Ya durƙusa yana jujjuya guntun a hannu, har matar ta danna masa hon. Wietske ta ce kafin ya tafi ya share tarkacen da ya zubar mata, in ba haka ba ta kira 'yan sanda. Ya share.

Kamar yadda Hidde ya faɗa, kankaren ya tsage a sanyin da ya biyo baya, kuma in an yi ruwa duk cikin lambun gidana yake gangarowa. Na je na yi mata magana. Ta ba ni haƙuri, ta sa Hidde ya haƙa mini magudana, amma ta ce kankaren yana nan har ta mutu.