Daɓen Ɗanmalam na Tani

A bazarar shekarar da aka samu mulkin kai, wani dare ina kwance a tsakar gida saboda zafi, sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta a Fammar ba. Dib, dib, dib, a hankali, daga yamma da gari. Ba daka ba ne, don taɓarya in ta faɗa turmi tana da amo. Wannan ta ƙasa take zuwa, har ina jin ta a haƙarƙarina ta cikin tabarma. Ni kuwa tun ina yaro ba na iya barin abu irin wannan ya wuce ni. Na taɓa bin wata shamuwa mai ƙafa ɗaya har Unguwar Gai don kawai in ga yadda take sauka. Na ɗauki fitila na bi ƙarar.

A tsakiyar filin jirgi na same shi. Ɗanmalam na Tani ne, ɗan kokawar da daga Rano har Tudun Wada ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Yana durƙushe kan gwiwoyinsa, riƙe da madaɓi, wannan katakon da mata ke buga ƙasan ɗaki da shi, yana dukan ƙasa. Gefensa tulu ne da ƙwarya.

Ya ɗago ya dube ni. "Malam Ishiyaku, kashe fitilar nan."

Na kashe. Na ce, "Madaɓin wa ka sato?"

"Na Inna ne. Ara na yi."

"Ta sani?"

Ya ci gaba da duka.

Sai na koma baya kaɗan don a gane abin da ya durƙusar da shi. A lokacin akwai wata ƙungiya a Kano ta masu ƙananan jiragen sama. Turawa ne da Kwarori da 'yan ƙasa kaɗan, kowa da aikinsa na daban, amma in an ce ga marar lafiya a ƙauyen da mota ba ta iya ɗauko shi, sai ɗayansu ya tashi ya je, ba a biyan su komai. Wahalarsu ita ce mutane na tsoron abin, kuma ba wurin sauka. Don haka suka riƙa shigar da sanannun mutane cikinsu, waɗanda in sun yi magana ake tsayawa a ji. Suka ɗauki wata zabiya a birni, da wani mai karanta labarai a rediyo. A ƙasar Rano kuwa suka ɗauki Ɗanmalam.

Wani makanikensu, Malam Zailani, shi ya zo a babur ya maƙala masa wata lamba mai fukafukai a ƙirji. Daga nan duk ranar kasuwar Kibiya sai Ɗanmalam ya hau kan buhunan gyaɗa ya yi ta shela: "Jirgin nan ba aljani ba ne, ƙarfe ne da mai! Ni na taɓa shi da hannuna! Ku ba shi wurin sauka, ya ɗauki naku!" Alu makaɗinsa na gefe yana saka masa ganga tsakanin magana da magana. Alu ne ya yi masa kiɗa tun ranar da ya fara shiga fage yana ɗan saurayi, shi ya ƙaga masa duk kirarin da ake yi masa.

To sai ga shi wanda ya fara buƙatar jirgin a ƙasarmu Alu ne. Ya faɗo daga kan rumbu yana jinka, bayansa ya bugu, ƙafafunsa suka daina jin taɓi. Maɗori ya duba ya ce wannan ba nasa ba ne. Malamin asibiti na Rano ya ce akwai likita a Kano da zai iya gwadawa, amma in aka ɗora shi a bayan motar gyaɗa a kan hanyar nan, gawarsa za a sauke.

Ɗanmalam ya aika wa Zailani. Zailani ya aiko cewa a gyara fili mai tsawo, a cire kututture da duwatsu, a daidaita, jirgi zai zo. Ɗanmalam ya kira gayya. Ban taɓa ganin gayya irin ta ba. Mutanen Fammar da na Unguwar Gai da Fulanin rugagen gabas duk suka fito. Da aka gama cire kututture, sai Ɗanmalam ya taka ƙasar ya girgiza kai.

Ya ce, "Wannan ta yi tauri. Ƙato in za a kayar da shi, yashi ake zuba masa don kada ya karye. Balle abin da zai faɗo daga sama da mutum a ciki."

Kowa ya ga gaskiyarsa, har ni. Aka sa garma aka kafce filin nan kaf, aka farfasa ɓurɓushi. Aka jera jakuna suna kawo yashi daga rafi. Da aka gama, ya zama fagen kokawa mafi tsawo da aka taɓa yi a duniya. In ka taka sai ƙafarka ta nutse har idon sawu.

Ranar da jirgin ya zo, an ɗauko Alu a kan ƙyauren ƙofa an ajiye shi a inuwar ɗorawa. Jirgin ya kewaya sau biyu, ɗan ƙarami, fari da jan baki kamar wata tsuntsuwar fadama. Ya sauko, ya sauko, tayarsa ɗaya ta taɓa yashin, sai ya yi wani tangaɗi, ya yi gunji, ya sake ɗagawa. Muka bi shi da ido har ya ɓace ta wajen duwatsun Rano. Aka mayar da Alu gida.

Washegari Zailani ya zo, ya tsaya a bakin filin ya dafe kai. Ya ce laifinsa ne da bai zo ya nuna da kansa ba. Ya ce jirgi ƙasa mai tauri yake so, kamar daɓen ɗaki. Matuƙin zai sake gwadawa in an gyara, amma sai kafin ruwan farko, don in ruwa ya sauka zancen ya ƙare sai wata shekara.

Ɗanmalam ya sake kiran gayya, ba wanda ya fito. Mutane sun gaji, ga sharar gonakinsu na jira, ga shi kuma an yi musu dariya a Kibiya. Maƙwabcina Habu, mutum mai bakin tsiya, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Sarkin sama! Yau ba shela? Mun yi wa jirgi shimfiɗa ya ƙi kwanciya. Yanzu kuma daɓe za mu yi masa? Sai ka ɗaura zane ka kira 'yan'uwanka mata."

Aka yi dariya. Ɗanmalam na iya ɗaga Habu da hannu ɗaya, amma bai ko kalle shi ba. Shi kaɗai ya kwashe yashin da jakin uwarsa, kwana da kwanaki. Sannan ya fara daɓen da daddare don kada a gan shi. A nan na same shi.

Na zauna ina kallonsa a hasken wata. Abin da ya daɓe tun farkon dare bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, filin kuwa ya miƙe gabansa har inda ido ke ƙarewa.

Na ce, "Ɗanmalam, a haka sai jikokinka su ƙarasa."

Ya ce, "Na faɗa a kasuwa cewa jirgin zai ɗauki namu. Alu na gefena yana kiɗa lokacin da na faɗa."

"To dare ba zai ishe ka ba."

Ya ajiye madaɓin. Sannan ya ce, "Haka ne. Gobe da rana zan yi."

Da hantsi kuwa ya fito, ya sa riga mai lambar fukafukan, ya durƙusa inda masu zuwa rijiya za su gan shi. Kafin azahar gari ya ɗauka. Samari suka hau ɗorawa suna yi masa guɗa. Wani ya jefo masa ɗankwali. Ya ɗauka ya naɗe gwiwarsa da shi, ya ce na gode.

Wadda ba ta yi dariya ba ita ce Ramlatu, tsohuwar da duk ɗakin amarya a Fammar ita ke jagorantar daɓensa. Ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu, tana kallo kamar mai ciwon haƙori.

"Kai ɗan Tani, wa ya koya maka wannan ɓarnar?"

"Ba kowa, Iya."

"Ai na gani. Kana dukan ƙasa kamar ta zage ka. Ina tsakuwarka? Ina makuba? Wannan in rana ta buge shi gobe duk zai tsattsage. Ba ni nan, ƙaton banza."

Ta fizge madaɓin, ta durƙusa, ta nuna masa. Ba ƙarfi ake sa wa ba, sakin hannu ake yi katakon ya faɗi da nauyinsa, kowane bugu ya hau rabin na baya. Ta ce a fara zuba marmara, jar tsakuwar nan, a yayyafa ruwa, a bar shi ya sha, sannan a buga. A ƙarshe a shafa ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa. Allah ya sa lokacin ɗorawa ne, ɓawon na zube ko'ina.

Ta ce, "Ba don kai zan yi ba. Alu ne ya yi kiɗan bikin 'yata, bai karɓi ko goro ba."

Washegari ta zo da tsofaffi takwarorinta. Rana ta gaba 'yan mata suka biyo. Dije, wata Bafulatana daga rugar gabas, ta kawo shanu aka yi ta kora su gaba da baya a kan marmarar suna tattake ta kafin a sa madaɓi. Ni aka ba ni aikin jiƙa makuba, har hannuwana suka rine kamar na marini. Ruwa ne babbar wahala. Rijiyoyi sun ja baya, sai an tona cikin rafi ake samu. Ɗanmalam ya kan yi jigilar tuluna tun asuba, sannan ya shiga layin mata ya durƙusa, shi kaɗai namiji, bayansa kamar bangon ɗaki a tsakaninsu. Suna waƙar daɓe suna saka sunansa, suna cewa amaryar Ramlatu ta iya aiki. Yana amsa musu amshi da muryarsa mai kauri.

Da Alu ya ji, ya ce a fitar da shi. Aka kawo shi kan ƙyaurensa. Ba ya iya riƙe ganga, sai aka kifa masa ƙwarya a ciki yana bugawa da yatsu, madaɓai na bin sa. Wani lokaci ya kan tsaya ya ce, "Ɗanmalam, kana gaba da kiɗa. Tun kana yaro haka kake."

"Kai ne ka tsufa, Baba Alu."

Ana cikin haka aka aiko daga Rano cewa wani ɗan kokawa ya zo daga kudu yana neman Ɗanmalam, yana cewa ya ji labarin ya koma cikin mata. Ɗanmalam ya duba gwiwoyinsa da suka kumbura suna ruwa, ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa gaskiya ne. In na gama zan zo."

Gabas kuwa ta fara haɗa gira. Kowace yamma sai hadari ya taso ya tsaya a kan duwatsu, ya yi walƙiya, ya watse. Shamuwa ta iso. Maza suka fara zuwa ɗaya ɗaya, ba su taɓa madaɓi ba, amma suka karɓi jigilar ruwa da marmara. Habu ma ya zo da jakinsa, yana cewa shi ba taimako ya zo ba, kallo ya zo, jakin ne ya biyo shi.

Da aka kai ƙarshen filin, Zailani ya zo ya hau babur ɗinsa ya bi shi da gudu daga wannan baki zuwa wancan, ya juyo ya duba, ko sawun taya babu. Filin ya yi ja ja baƙi baƙi yana sheƙi. Na kwanta na kara kunnena, na sa Ɗanmalam ya buga ƙafa daga nesa, na ji shi sarai kamar a gefena yake.

Jirgin ya zo da safe, sama ta yi nauyi. Wannan karon bai yi tangaɗi ba. Ya taɓa, ya ɗan yi tsalle, ya gangara ya tsaya gaban ɗorawa, farfelarsa na raguwa har muka ga ashe ta itace ce. Matan suka saki guɗa. An cire kujera ɗaya don ƙyauren ya shiga. Ɗanmalam bai bar kowa ya kama ba, shi da Zailani suka ɗaga. Da zai miƙe na ga ya cije leɓe, gwiwoyin sun ƙi, amma ya miƙe.

Alu ya ce, "A hankali, ɗan Tani. Ni ba abokin karawarka ba ne."

"Ka dawo da ƙafarka, Baba. Akwai wani ɗan kudu da ke jiranmu."

Aka rufe ƙofa. Jirgin ya juya, ya ruga a kan daɓen, ya ɗaga. Bai gama ɓacewa ba ɗigon farko ya faɗo mini a goshi. Ba wanda ya gudu. Muka tsaya muna kallon ruwan yana zuba a kan filin yana gangarewa gefe, ƙasar ta ƙi sha ko kaɗan.

Habu ya tsuguna ya ƙwanƙwasa daɓen da bayan yatsa. Rabin filin gonarsa ce, aro ya bayar. Ya ɗago ya dubi Ɗanmalam, ba dariya a fuskarsa.

"To ni yanzu in na fasa wannan na shuka gerona, in Alu ya warke a ina za su sauke shi?"